A nuna mana inda katangar take

Na saurari wani shirin rediyo da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya, kuma abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda baƙon shirin ya raba ilimin sauyin halittu gida biyu cikin ƙarfin hali, wai ƙaramin sauyi, wato wanda ke aukuwa a cikin jinsi guda, gaskiya ne, amma babban sauyi, wato wanda ke samar da sabon jinsi, tatsuniyar Turawa ce. Madalla da wannan hikima! Ya yarda da yayyafi, ya ƙaryata cikar kogi.

Wani masanin ƙwari ɗan Rasha, Yuri Filifchenko, shi ne ya ƙirƙiro kalmomin biyu, ƙaramin sauyi da babban sauyi, a 1927, kuma shi kansa ya zaci hanyoyinsu daban ne, har sai da ɗalibinsa Dobzhanski ya zo a 1937 ya kafa hujjar cewa sauyin da ke aukuwa a cikin jinsi guda, idan ya taru tsawon zamani, shi ne ke raba jinsin biyu. Saboda haka duk mai cewa akwai katanga a tsakani, sai ya nuna mana inda take.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin, har Nijeriya ta sauya magani a 2005, kuma baƙon ya amince da wannan. To, sauron da ke kwana da mu fa? Wanda aka daɗe ana ɗauka jinsi guda ne a Afirka ta Yamma, a 2013 masana suka raba shi biyu, suka ba ɗayan sunan Anopheles coluzzii, domin ko da suna gari ɗaya ba kasafai suke barbarar juna ba. Wannan ƙarami ne ko babba? A nuna mana katangar.

Na san za a ce ai har yanzu sauro ne, kuma ba a taɓa ganin biri ya haifi mutum ba. Babu masanin da ya ce biri ya haifi mutum, don haka ba zan ɓata lokaci ba. Tsakani da Allah, ba imanin kowa nake taɓawa ba; roƙona kawai kada a jingina wa kimiyya abin da ba ta ce ba.

Ku dubi doki da jaki ma. Doki yana da kuromosom, wato ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayar halitta, guda 64, jaki 62, ɗansu alfadari 63, ga ƙarfi ga juriya amma ba ya haihuwa. Ga jinsi biyu da suka rabu amma har yanzu suna barbarar juna, to ina katangar take?