Mu ma masu buga gem jefi-jefi muna jin daɗinsa

Jiya a majalisarmu ta Tudun Wada wani ƙanena yake ce min, "Yaya, in dai ba kullum kake buga Free Fire ba to data kawai kake ƙonawa, gem ɗin gasa ba na masu leƙowa sau biyu a sati ba ne." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari in zo nan in faɗi nawa.

Ni tun zamanin na'urar gem ta PS2 nake riƙe pad (abin sarrafa gem a hannu), lokacin da muke haɗa kuɗi mu tafi gidan gem a Sabon Gari mu buga Winning Eleven, wanda aka ci ya tashi. Yanzu ga shago ga iyali, in na samu awa biyu daren Juma'a ko Lahadi to na gode Allah. Kuma ina jin daɗin abina sosai, har ihu nake in na ci ƙwallo a eFootball (PES ɗin nan dai, Konami suka canza masa suna a 2021).

Abin da yaran nan ba su gane ba shi ne su kansu masu ƙera gem ɗin sun san mu ne muka fi yawa, shi ya sa suka raba hanya. A eFootball akwai dibishin daga 10 har zuwa 1, in ka ci ka hau in an ci ka ka tsaya wajen sa'anninka. Free Fire, gem ɗin harbi na waya, mutum 50 ake zubawa a tsibiri, wasa ɗaya kamar minti 10 ne, ai da ganin wannan ka san don mai ƙaramar waya da ɗan lokaci aka yi shi, kuma ba dole sai ka shiga rank (gasar hawa matsayi) ba, akwai na nishaɗi kawai, akwai Clash Squad huɗu da huɗu. Hatta PUBG da Call of Duty na waya in kana sabo sai sun fara haɗa ka da 'yan wasan da kwamfuta ke sarrafawa hannunka ya faɗa tukun.

Inda ake ɓata mana abin shi ne wajen mutane. Kwanaki a wani gidan gem a Samaru na ga wani bawan Allah, da alama daga aiki ya taso don takalminsa duk ƙura, ya biya kuɗinsa ya zauna kan benci, sai aka haɗa shi da wani yaro da kusan a wajen yake kwana. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura masa biyar, yaran suna ta shewa suna "Baba je ka gida," mutumin nan ya ajiye pad a hankali ya goge gumi da hularsa ya fita, ko canjinsa bai tsaya karɓa ba. Abin ya ƙona min rai ƙwarai. Da mai gidan ya haɗa shi da daidai shi, irina, da mun buga uku muna dariya kuma da gobe ya dawo.

Eh na yarda, wanda yake son kaiwa Heroic ko Grandmaster, manyan matakan rank na Free Fire, sai ya ba abin lokaci, tunda duk sizin sai an sauko da kai ka sake hawa, ga netwok ɗinmu da kana cikin harbi zai daskare, ga NEPA, ga kuɗin data. Wannan wahalar ni ban ɗauka ba kuma ban raina mai yi ba. Amma ai masu buga ƙwallo a filin unguwa bayan la'asar ba wanda ya ce sai sun zama Ahmed Musa kafin a ba su fas, kuma su ma gasa suke da gaske har da rigima kan bugun fenareti.

Mu huɗu ne a tawagarmu ta Free Fire, tela ɗaya, malamin firamare, mai kemis, sai ni. Ana cin mu fiye da yadda muke ci, amma ranar da muka rage mu kaɗai a tsibirin nan Booyah, alamar nasara, ta fito a fuskar waya, sai da maƙwabci ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na ce wa ƙanen nawa Juma'a mai zuwa ya zo ya shiga cikinmu, da sharaɗin ba zagi in wani ya faɗi da wuri, ya je ya tashe shi kawai.