Barbara Heck da malamin da ya yi shiru shekara shida

Duk wanda ya taɓa jin sunan Barbara Heck, matar da ta assasa taron Kiristocin Metodis a New York, labari ɗaya aka ba shi: ta shiga ɗaki ta tarar da maza sun duƙufa a kan karta, ta kwashe ta watsa a wuta. Sai a ja aya a nan, a ce ga illar caca. Ni kuwa na daɗe ina ganin an tauye matar nan, domin ƙona kartar shi ne mafi sauƙin abin da ta yi a ranar.

Mutanenta 'yan gudun hijira ne tun kafin a haife ta. A 1709 dubban Jamusawa daga yankin kogin Rhine suka kwararo Landan, yaƙi da mugun sanyi sun cinye musu gonaki. Gwamnatin Ingila ta rasa yadda za ta yi da su, ta tura wasu ƙasar Ailan, aka zaunar da su a gundumar Limerick, kusa da garin Rathkeale. A ƙauyen Ballingrane aka haifi Barbara a 1734, 'yar gidan Ruckle. Nan aka haifi ɗan uwanta Philip Embury, kafinta, wanda ya karɓi tafarkin Metodis, wata ɗarikar Kirista da ta taso a Ingila, har ya zama mai wa'azi. John Wesley, wanda ya kafa tafarkin, da kansa ya sha ziyartar ƙauyukan nan. Da kuɗin hayar gona ya yi musu nauyi, a 1760 wasu iyalai suka hau jirgin ruwa daga Limerick zuwa New York. Barbara na ciki, sabuwar amarya, tare da mijinta Paul Heck.

To ga inda nake so a tsaya a duba. Embury ya sauka New York da iliminsa da Littafinsa, amma shekara shida bai tara kowa ba. Ba hana shi aka yi ba, ba dukansa aka yi ba. Neman abinci ne kawai ya sha masa kai, kamar kowane baƙo. Mutanen da a gida suke haɗuwa duk mako suka watse, kowa ya kama gabansa, aka koma gaisuwa a hanya.

Sai wata rana a 1766 Barbara ta iske 'yan garinsu a kan karta. Yadda ake ba da labarin, ta tattare ta a haɓar riga ta zuba a murhu, ta faɗa musu abin da ta faɗa, sannan ta fice. Ba gida ta nufa ba. Gidan Embury ta miƙe, ta ce masa dole ya soma wa'azi, in ba haka ba duk su hallaka kuma Allah ya nemi jininsu a hannunsa. Ya kawo uzuri, wai ba shi da ɗakin taro ba shi da jama'a. Ta ce ya yi a ɗakinsa, jama'a kuma ita za ta kawo.

Wannan tafiyar ta biyu ita ce take burge ni. Faɗa da 'yan karta ai kowa na iya yi, kullum muna gani a nan Facebook, a zagi samari a ce sun lalace, a samu masu jinjina. Amma a je ƙofar mai ilimi, ɗan uwa, wanda ya girme ka, a ce masa kai ne ka yi sakaci? Nan ne baki ke yin nauyi. Na taɓa zama a wani gari nesa da gida tare da wani bawan Allah da ya fi mu duka karatu. Muka shekara muna gunagunin yaranmu sun fara mance harshe da tarbiyya, shi yana zaune a tsakiyarmu yana gyaɗa kai. Babu ɗayanmu da ya iya ce masa, Malam, ai aikinka ne. Har da ni. Kunya ta hana.

Waɗanda suka zo wa'azin farko ba su wuce biyar ba, kuma cikinsu akwai wata baƙar fata mai aikin gida, sunanta Betty. Ba a daɗe ba ɗakin ya yi kaɗan, aka koma wani bene da ake harkar igiyoyin jiragen ruwa. Sai ga Kyaftin Thomas Webb, hafsan sojan Ingila mai ido ɗaya, yana zuwa da jar rigarsa ta soja da koren ƙyalle a kan idon, ya ɗora takobinsa kusa da Littafi ya yi wa'azi. Wasu don kallonsa kawai suke zuwa, kuma ba laifi, sun dai zo. A ranar 30 ga Oktoba 1768 aka buɗe ɗakin ibada a titin John, Embury ya hau mumbarin da ya sassaƙa da hannunsa. Ana cewa sai da aka yi wa ginin murhu da bututun hayaƙi don ya shiga lissafin gidan zama, saboda doka ba ta sakar wa irinsu mara ba wajen gina coci. Har yau akwai cocin Metodis a wannan filin, ko da yake ginin na yanzu daga baya aka yi shi. 'Yan uwa na cocin United Methodist (UMC) a Jalingo da kewaye, ɗaya daga cikin saiwoyin cocinku nan ta fito.

Mutum zai ɗauka za ta zauna ta ci moriyar abin da ta dasa. Ina! A 1770 suka bar birnin, suka nausa arewa zuwa kwarin Camden, daji ne sosai, suka sare itatuwa suka yi gona, suka sake kafa taron ibada. A can Embury ya rasu a 1773, bayan ya ji wa kansa ciwo wajen yankan ciyawa, bai ma kai hamsin ba.

Sai yaƙin neman 'yancin Amurka ya zo. Paul Heck ya bi bayan Sarkin Ingila, ya shiga rundunar Janar Burgoyne. Ban ga abin mamaki ba. Mutanen da sarautar Ingila ta ba kakanninsu mafaka lokacin da ba su da ko tabarma, da wane ido za su ɗaga mata bindiga? Ko ka yarda da zaɓinsu ko ba ka yarda ba, sun biya farashinsa: aka ƙwace gonar, suka gudu Montreal da 'ya'yansu. A 1785 aka ba su fili a Augusta, bakin kogin St. Lawrence a Kanada. Barbara ta haura hamsin, ga daji kuma a gabanta. Suka sake sara, suka sake gini, suka sake tara maƙwabta a ɗaki, wannan karon ɗan marigayi Embury, Samuel, ke jan ragamar.

Abin da ke ba ni dariya, dariyar da ba ta daɗi ba, shi ne yau Amurkawa ke kiranta uwar Metodis ta ƙasarsu. Ƙasar da ta karɓe mata gona ta kore ta. Su ma 'yan Kanada sun ce tasu ce, 'yan Ailan sun ce ai a wurinsu aka haife ta. Da tana raye kuwa ko sau ɗaya ba a san ta da hawa mumbari ba, kuma ba ta da wani muƙami da za a rubuta a gaban sunanta.

Ta rasu a watan Agusta 1804, tana zaune, Littafi Mai Tsarki na Jamusanci a cinyarta. Kusan shekara ɗari da barin kakanninta Jamus, ta ratsa Ailan da New York da Montreal, amma da wannan harshen take karatu. Kabarinta na maƙabartar Blue Church kusa da Prescott. Dogon dutsen tunawa da ke wurin sai a 1909 aka kafa shi.