Digiri 38 a Minniyafolis

Daren wata Alhamis a ƙarshen Oktoba, ina jiran lif a zauren ginin da nake haya a birnin Minniyafolis na Amurka, sai ga mai hasashen yanayi a talabijin ɗin bango. An kashe sautin, amma na ga lambar da ke ƙarƙashin Juma'a: 38. Nan take raina ya yi fari. Ni ɗan Sakkwato ne, a watan Afrilu idan aka ce digiri 38 sai mu ce yau gari ya yi sauƙi. Akwai zanen gajimare da ɗigo-ɗigo a gefen lambar, na ce ai ma rahama ce.

Da safe na ciro farar shaddata wadda ta sha bugu tun daga gida, na kafa zanna bukar, na zura takalmi buɗaɗɗe ba safa. Gidan da ɗumi, garejin ƙarƙashin ƙasa da ɗumi, motar abokina da ɗumi. Shi kuwa abokin nan, Allah Ya isa ban ce ba, amma ya dube ni sama da ƙasa cikin jibgegiyar rigar sanyinsa, abin da ya ce kawai shi ne, "Ango, ka sha kyau." Ya sauke ni daidai ƙofar masallaci a unguwar Cedar-Riverside ya wuce aiki.

Da aka idar da salla na fito neman bas. Iskar da ta tarbe ni ba ta yi sallama ba. Ruwa ake yi tsinin-tsinin, kafin in kai tasha ya fara sauka fari-fari yana maƙalewa a gemu. Shaddar da ta fito tana ƙara da sheƙi ta lafe a jikina kamar jiƙaƙƙiyar kaza. Yatsun ƙafata kuwa suka daina amsa kira.

Wani dattijo Basomale da muka yi sahu ɗaya ya matso.

"Ɗana, lafiya? Ba ka ga hasashe ba?"

Haƙorana na kaɗawa na ce, "Na gani, Baba. An ce 38."

Ya yi dariya har da riƙe sandar tasha. Ashe Amurkawa da ma'aunin Farenhait suke lissafi, ba Salshiyas ba. A nasu, ruwa na daskarewa a 32, don haka 38 ɗin da na yi wa ado digiri 3 ne da ɗan ɗoriya a namu. Duniya kusan duka ta yarda da abu ɗaya, su sun ƙi, kuma ni ne zan biya da yatsuna.

Wai don ya lallashe ni, sai ya ce wannan ba komai ba ne. Mutanen gari har yau suna labarin 1991, lokacin da dusar ƙanƙara ta fara zuba ranar 31 ga Oktoba, ba ta tsaya ba sai da ta tara inci 28 da ɗoriya. Ban san ta ina wannan zai ɗumama ni ba.

Ya cire mayafin wuyansa ya naɗa mini. A cikin bas na kira uwargida a bidiyo don a tausaya mini. Ta ƙura mini ido, ta ce, "Malam, shaddar Sallah ce wannan ka yi wa haka?"