Nasiha ga Matashin da Yake Fara Abu Ba Ya Ɗorewa

Ɗan'uwa matashi, wannan magana taka ce idan ka taɓa kwana da niyya ka wayi gari babu ita. Ranar Juma'a da dare ka ji wa'azi ko ka kalli wani bidiyo a waya, jikinka ya ɗauki zafi, ka ce daga gobe awa uku za ka riƙa karatun JAMB, ko kullum ƙarfe bakwai za ta yi maka a shagon ɗinki. Asabar ka cika alkawari. Lahadi ka yi rabi. Kafin Laraba littafin ya koma ƙarƙashin katifa, kai kuma ka koma majalisa kana jiran a zuba shayi na biyu, kana cewa a ranka zuciyarka ce ta mutu.

Zuciyarka ba ta mutu ba. Ka ɗora tukunyar wake ne a kan wutar kara. Ɗokin da mutum ke ji lokacin da ya ƙudurta sabon abu haka yake: ya tashi bal-bal, ya mutu kafin ruwa ya tafasa. Kowa haka Allah ya yi shi, har waɗanda kake gani suna burge ka. Abin da ya raba ku shi ne sun daina jiran ɗoki kafin su tashi. Masu ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa sau da yawa aiki ne ke jawo sha'awar aiki. Likitocin da ke kula da masu ciwon damuwa ma da wannan suke amfani: su tsara wa majinyaci ƙananan ayyuka a kan lokaci, ya yi su ko yana so ko ba ya so, sai jin daɗin ya biyo daga baya. Albert Bandura, malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya bayyana tun 1977 cewa babban abin da ke sa mutum ya yarda zai iya shi ne ya ga ya yi da hannunsa, ko da abin ƙarami ne. Lallashi da kirari suna taimakawa, amma ba su kai wannan ƙarfi ba.

To, ta ina za ka fara? Ka zaɓi abu guda. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya ce rana ɗaya zai fara karatu, ya fara motsa jiki, ya bar sigari, ya fara tara kuɗi, duka huɗun zai zubar cikin mako guda.

Idan ka zaɓa, ka ɗaure shi a jikin wani abu da ba ka fashinsa. Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, don haka bari na tsaya a kai. "Zan riƙa karatu kullum" ba shiri ba ne, fata ne, domin babu lokaci a ciki, babu wuri. Duk safiya sai ka sake zama ka yanke hukunci: yanzu zan yi ko an jima? Wannan shawara da zuci ita ce ƙofar da kasala ke shigowa. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi shekaru yana gwada wannan, ya nuna cewa wanda ya tsara niyyarsa da sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi cika ta a kan wanda ya riƙe niyya kawai. Mu kuwa an riga an kafa mana turaku biyar a kowace rana, ba ruwansu da damina ko rani. Sai ka ce: "Idan na dawo daga sallar asuba, kafin na taɓa waya, zan zauna a tabarmar zaure na amsa tambayoyin lissafi goma." Ke kuma 'yar'uwa: "Idan na sallame la'asar, zan hau keke na haɗa hannun riga ɗaya." Ka faɗe shi da baki, ka rubuta shi a takarda, ka manna inda idonka zai faɗa kai.

Ka yi la'akari da garin da kake. A Birnin Kebbi, Jega ko Kamba, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 da rana tsaka. Wanda ya ajiye karatu mai nauyi tsakanin azahar da la'asar a wannan lokaci ya shirya wa kansa faɗuwa, daga baya ya zo yana zargin halinsa. Aikin ƙwaƙwalwa na bayan asuba ne, lokacin da gari ke da sanyi, gida bai tashi ba. Kada kuma ka jingina shirinka da wutar lantarki. Tun da dare ka ajiye littafi a buɗe a shafin da za ka fara, biro a kai, fitila da caji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti biyar ɗin da za ka ɓata kana neman biro sun isa su mayar da kai kan katifa.

Sai girman aikin. Ka fara da abin da za ka iya yi ko a ranar da ka tashi da ciwon kai: minti goma zuwa sha biyar, shafi biyu, tambaya goma. Za ka ga kamar ya yi kaɗan, har ka ji kunyar faɗa wa wani. Yi lissafi ka gani. Tambaya 20 a rana ita ce 600 a wata, alhali jarrabawar JAMB gaba ɗayanta tambaya 180 ce. Naira 200 a asusu kullum ita ce 6,000 a wata, 73,000 a shekara. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, wanda yake biya sumuni ɗaya a rana zai sauke cikin kwana 480. Annabi (SAW) ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha. Kada ka ƙara yawan aikin sai ka yi mako biyu cur kana cika na farko, in za ka ƙara ma ka ƙara kaɗan. Ranar da ka ji ƙarfi kana so ka zarce, zarce, amma gobe ma'aunin nan ƙarami shi ne bashin da ke kanka.

Ga ɗalibai akwai ƙari. Maimaita karanta shafi yana ruɗar mutum, sai ya ji kamar ya iya don idonsa ya saba da rubutun. Dubi yadda gardi ke hadda: ya karanta allo, ya kifa shi, ya kawo da ka, inda ya tuntuɓe ya ɗaga ya duba, gobe da jibi ya sake tilawar na baya. Haka za ka yi da Kimiyya da Turanci. Rufe littafi ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi ɓatan kai. Ya fi wahala, kuma shi ne ke zama.

Ka samu kalandar bango irin wadda ake rabawa farkon shekara, duk ranar da ka cika ka ja layi a kan kwanan. Za ka ji ana cewa kwana 21 sun isa abu ya zama jiki. Kada ka riƙe wannan. Wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, ta bi mutum 96 da suka ɗauki sabuwar ɗabi'a na tsawon mako 12. Ta samu cewa tsaka-tsakin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama ana yinsa ba tare da tunani ba kwana 66 ne, wasu kwana 18 ya ishe su, wasu lissafi ya nuna sai sun kai 254. Saboda haka idan ka yi wata guda har yanzu kana jan ƙafa, lafiyarka ƙalau. A binciken nan kuma an ga cewa fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau, domin za ka yi fashi. Za a yi rasuwa a unguwa, za a yi biki, zazzaɓi zai kwantar da kai. Abin da ke kashe mutane shi ne maganar da suke yi wa kansu washegari: tunda na ɓata, shi ke nan, sai sabon wata na sake farawa. Sabon watan nan ba ya zuwa. Dokarka ita ce kada fashi ya zama biyu a jere. Kada ka rama na jiya, ramuwa tana ninka nauyi ta sa ka gudu. Yi na yau kawai, ko rabinsa ne, ka ja layinka.

Akwai faɗuwar da ta fi fashin karatu girma. Sakamako ya fito ba ka kai maki ba. Ka zuba jari a albasa kamar yadda ake yi a Aliero, ka adana kana jiran ta yi tsada, ta ruɓe. Ruwa ya cinye shinkafarka kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa dubban manoma a fadamun Argungu da Birnin Kebbi. A nan abin tsoro shi ne darasin da zuciya ke ɗauka. A 1967 Martin Seligman da abokin aikinsa Steven Maier sun yi gwaji da karnuka a Amurka. Waɗanda aka azabtar ba tare da hanyar kuɓuta ba, da aka sa su inda tsallake ɗan shinge kawai zai cece su, mafi yawansu kwanciya suka yi suna kuka, ba su ko gwada ba. Sun koyi cewa motsinsu ba ya canja komai. Mutum ma yana koyon wannan, kuma za ka gane shi daga kalmomi uku: "ni ne ba ni da sa'a", "komai na taɓa sai ya lalace", "haka zan ƙare". Na farko ya ɗora duk laifin a kanka, na biyu ya shafa wa duk rayuwarka, na uku ya rufe gobe.

Maganinsa takarda da biro. Raba shafi gida biyu. A dama ka rubuta abin da ba ya hannunka: yawan ruwan sama, farashin taki, faɗuwar kasuwa. A hagu ka rubuta abin da ke hannunka, kuma ka yi wa kanka adalci, kada ka sassauta, kada ka zalunta: na adana albasar kafin ta bushe sosai, na jibge ta inda iska ba ta ratsawa, ban riƙa tsince masu laushi ba, na zuba duk jarina wuri guda. Daga gidan hagu ka ciro abu ɗaya da za ka gyara cikin kwana bakwai. "Ni ba ni da ƙwaƙwalwa" ba ya gyaruwa. "Ban iya raba lokaci a zauren jarrabawa ba, na bar tambaya 30 ban taɓa ba" yana gyaruwa da agogo da tsofaffin tambayoyi. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim ya jera mana matakan: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya, idan wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi yake yi, domin "da na" tana buɗe aikin Shaiɗan. Duba kuskure sau ɗaya don a gyara daban ne da tauna shi dare da rana. Manoman fadama da ruwa ya ci, da ya janye, injin ban-ruwa suka ɗauko suka shiga noman rani. Haƙurin da ake nufi ke nan, mai tafe da aiki.

Burinka kuma ka rage shelarsa. Idan ka faɗa a majalisa ko ka rubuta a Facebook cewa za ka zama injiniya, aka yi ta sa maka albarka, zuciya takan ji kamar ta riga ta karɓi ladan, sai ƙafa ta yi sanyi. Mutum ɗaya ya isa, wanda zai tambaye ka duk Juma'a layi nawa ka ja a kalanda, kuma kana jin nauyinsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka ka duba su wa kake raba dare da su. Barci ma kada ka raina shi: baligi yana buƙatar awa bakwai zuwa tara. Wanda ya kai ƙarfe biyun dare yana latsa waya ba zai iya da zaman bayan asuba ba, komai kyawun niyyarsa. Sa wayarka caji nesa da shimfiɗa tun ƙarfe goma.

Ina roƙonka da girman Allah kada ka nemi ƙarfin aiki a ƙwaya. Tramadol takan ɓoye gajiya na 'yan awoyi, sannan jiki ya saba, ya nemi ƙari, ranar da babu mutum ya kasa ɗaga ko fartanya, kuma yawanta yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya riga ya shiga, ya nemi likita ya taimaka masa ya sauka a hankali.

Sannan ka san inda nasiha ta tsaya, asibiti ya karɓa. Idan mutum ya kai mako biyu kusan kullum cikin baƙin ciki, abin da yake so da can ya fita ransa, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, yana ganin kansa ba shi da amfani, wannan alamun ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar hawan jini. Waɗanda suka tsira daga hannun 'yan bindiga ko suka rasa nasu sukan yi fama da firgita da munanan mafarkai, su ma kulawa suke buƙata. Kada a ce musu raunin imani ne, kada a ce musu ragwaye. A ci gaba da addu'a, a kuma kai su babban asibiti mafi kusa, in ya cancanta a tura su asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Idan abokinka ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada ka mayar da shi wasa, kada ka bar shi shi kaɗai a wannan dare. Kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka sanar da babba a gidansu, ku kama hanyar asibiti tare.