Tura takardar saki ta intanet ba ya kashe aure a Amurka

Wasu na ɗauka da zarar an tura takardar neman saki ga kotun gunduma ta intanet, shi ke nan aure ya mutu. Ba haka ba ne, ƙara kawai aka shigar. Galibi sai an kai wa ɗaya ɓangaren sammaci, sannan a yi jira: a Teksas kwana 60 daga ranar shigar da ƙarar, a Kalifoniya wata 6 daga ranar miƙa sammaci. A Teksas ma sai ɗayansu ya yi wata 6 a jihar, kwana 90 a gundumar, kafin a shigar da ƙarar. Ko miji ya furta saki a gida, hukuma na kallonsu a matsayin ma'aurata har sai alƙali ya sa hannu.