Shago uku, makulli ɗaya

Duk lokacin da aka ce wani babban kamfanin sada zumunta ya sayi ƙaramin kamfani, sai jama'a su tsaya kan kuɗin kawai, ana cewa yara sun yi arziki. Ni kuwa ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021 ce ke faɗo mini a rai.

Bayan la'asar ɗin ranar, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda, kusan awa shida. Mai sayar da atamfa da turaren wuta ta Instagram ta rasa masu ciniki. Mai ɗan'uwa a Saudiyya ya rasa ta inda zai ji muryarsa. Da a ce kowace manhaja da mai ita daban, idan ɗaya ta faɗi sai mu koma wata. To amma shago uku ne, makulli ɗaya.

A Afrilun 2012 Facebook ya sayi Instagram a kan dala biliyan 1. Ma'aikatansa 13 ne a lokacin, kuma ko sisi ba ya shigowa. Mutane da yawa suka ce Mark Zuckerberg ya zubar da kuɗi. Bai zubar ba. Ya hango matasa suna barin kwamfuta suna komawa waya da hotuna, inda Facebook yake da rauni, sai ya saye abokin gogayya tun yana rarrafe. A 2014 ya ƙara da WhatsApp a kan dala biliyan 19.

Na WhatsApp ɗin ne ya fi yi mini ciwo. Jan Koum da Brian Acton sun gina shi ne da ƙin talla. Dala ɗaya suke karɓa a shekara don kada su rayu da bayanan mutane. Da aka yi ciniki aka ce babu abin da zai canza. Shekara biyu kacal, a 2016, aka fara miƙa wa Facebook lambobin wayar jama'a. Tarayyar Turai ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 110 a 2017 saboda bayanin da ya ba ta lokacin cinikin ba daidai ba ne. Acton ya tafi a 2017, Koum a 2018, waɗanda suka kafa Instagram ma suka bi su a shekarar.

Gaskiya ɗaya ce, mun amfana. An cire dala ɗayar nan, kira ya zama kyauta, kakanninmu da ba su iya rubutu ba suna aika saƙon murya. Kuma ban ga laifin matashin da aka ajiye wa irin wannan kuɗi ya karɓa ba, musamman idan aka dubi abin da ya sami Snapchat: ya ƙi tayin Facebook a 2013, a 2016 Instagram ya kwaikwayi fasaharsa ta hotunan da ke ɓacewa bayan kwana ɗaya. Ko ka sayar, ko a kwafe ka.

Damuwata ita ce mu da muke ciki ba a tambaye mu ba, kuma idan abin ya ɓaci ba mu da wurin zuwa. A 2024 hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta, wato sabon sunan kamfanin Facebook, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayananmu, amma washegari duk muka buɗe WhatsApp, domin can iyalanmu da masu cinikinmu suke.

Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, da ta bar cinikin Instagram ya wuce a 2012, ita ce ta dawo a 2020 tana roƙon kotu ta warware shi. A Nuwamban 2025 alƙali ya ba Meta gaskiya.