Tsarabar Yaya daga ƙasar Sin

Yayana yana zuwa sarin atamfa birnin Guangzhou, kuma duk dawowa sai ya riƙo mini tsaraba. Wannan karon wani faifai ya miƙo mini, naɗe cikin farar takarda, an buga 2008 a jiki. Na kwance, sai ga baƙin ganye a danne kamar tirela ta bi ta kansa. Na kai hanci, na ji ƙamshin tsohon rumbu bayan ruwan farko.

"Yaya, maganin basir ne?"

"Shayi ne, baƙauye. Pu'er sunansa, daga lardin Yunnan. Ɗanyen ne, wanda suke ce wa sheng, shekaru ne ke nunar da shi a hankali. Giram 357 ne cif, kuma kuɗinsa zai saya wa babur ɗinka sababbin tayoyi."

Ya soma bayanin yadda ake haɗawa, sai waya ta katse shi. Ban nemi ya ƙarasa ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana zaman teburin mai shayi, wa zai koya masa dafa ganye?

Ran Asabar da sassafe, ko karin kumallo ban yi ba, na fito da shi. Hannu ya kasa, wuƙa ta lanƙwashe, sai da na ɗauko taɓarya sannan kusan kwata ya ɓalle. Na tura shi duka cikin buta, na ɗora a kan gawayi, na bar shi yana tafasa rabin awa yadda na ga Buzaye suna yi. Abin da ya zubo kamar baƙin man inji. Kurɓa ɗaya harshena ya manne da ganɗa, ɗaci har ƙeya, maɗaci ma albarka. Na jefa ƙwayar sukari shida, na tsiyaya madarar gwangwani, ya koma kalar ruwan kwata. Amma da na tuna tayoyin babur, sai na runtse ido na shanye kofi biyu.

Kafin azahar zuciyata tana bugawa kamar kalangu, hannu na rawa, gumi na tsiyaya. Na wanke babur sau biyu, na share ƙofar gidan maƙwabci ba tare da ya roƙe ni ba. Ƙarfe uku na dare ina kwance ina ƙirga ƙusoshin silin.

Da Yaya ya ji labari sai da ya yi salati. Ya zo da wani ɗan kofin tangaram mai murfi, wai gaiwan. Ya sa tsinke ta gefen faifan, ya ɓamɓaro ganye a hankali, bai fi giram bakwai ba. Ya zuba tafasasshen ruwa, nan take ya tsiyaye a ƙasa.

"Yaya, almubazzaranci fa!"

"Wanka na yi masa. Ganyen da ya yi shekaru yana barci, sai an tashe shi."

Zubi na biyu daƙiƙa goma kacal ya ba shi. Ruwan ya fito garau, kalar zuma. Na kurɓa a tsorace. Ɗan ɗaci ya wuce, can sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro, irin wanda kake ji in ka ci goro ka kora da ruwa. Wai har suna suka ba shi, hui gan. Wannan ɗan ganyen sau goma sha biyu muka zuba masa ruwa bai gaji ba. Na yi lissafin abin da na ƙona a buta, na ga shayin sati biyu na shanye a zama ɗaya.

Da zai tafi ya ja mini kunne: kada in ƙulle shi a leda, yana son iska. Na bi umarni, na ɗora shi tsirara a kan kantar sito.

Ran Alhamis da dare aka kawo tuwo da miyar kuka. Loma ɗaya na gane ɗacin. Yara suka haɗiye nasu da ƙyar don tsoron uwarsu.

"Maigida," in ji uwargida, "ka faɗa wa Yaya an cuce shi. Daddawar nan tasa ta Sin ba ta da kirki. Rabinta na daka, ko ƙamshi babu."

Ƙarfe biyu na dare yara suna langa a tsakar gida, uwargida tana wanke labule, ni kuma ina zaune ina kallon saƙon Yaya a waya: "Ka lallaɓa sauran, nan da shekara biyar zai fi haka daɗi."